ANA ya nuna akwai, RF ya nuna babu: lufus ce ke damuna ko sanyin ƙashi?

"Assalamu alaikum likita. Ni mace ce, shekarata 30, 'ya'yana biyu. Yau wata huɗu ke nan yatsuna da wuyan hannuna biyu suna ciwo suna kumbura. Da asuba hannun yakan sandare, ko buta ba na iya riƙewa in yi alwala sai rana ta ɗaga. Ga kasala, ga ɗan zazzaɓi-zazzaɓi. An yi mini maganin maleriya da taifot har sau uku, babu sauƙi. Da aka yi gwajin jini, takarda ta nuna RF babu, ESR 62, ASO 250, ANA kuma akwai, an rubuta 1:160. Wani ya ce lufus ce, wani ya ce sanyin ƙashi ne kawai tunda RF bai nuna komai ba. A kemis an ba ni prednisolone, mako uku ke nan ina sha, kuma na ji sauƙi. Don Allah me waɗannan lambobi suke nufi, kuma wane gwaji ya rage in yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. In na fahimce ki, abu biyu ne suka tsaya miki a rai: ko ANA da ya nuna akwai ya tabbatar da lufus, da kuma ko RF da ya nuna babu ya wanke ki daga amosanin gaɓoɓi. Duka biyun amsarsu a'a ce. Wanda ya ce miki lufus ce ya yi gaggawa, wanda ya ce sanyi ne kawai shi ma ya yi gaggawa, kuma gaggawar na biyun ta fi haɗari, don ita ke sa mutum ya koma gida ya zauna wata da watanni gaɓoɓinsa suna lalacewa.

Abin da ya fi nauyi a wasiƙarki shi ne hannun nan da ke ƙin riƙe buta da asuba. Gaɓar da ta zaizaye saboda shekaru ko aiki, kamar gwiwar tsofaffi, takan ƙara ciwo ne idan an yi aiki da ita, kuma sandarewarta ta safe ba ta cika kai rabin awa ba. Gaɓar da garkuwar jiki ke yi wa illa kuwa hutu ne ke sandarar da ita, motsi ke sake ta, sandarewar takan wuce awa guda, kuma ciwon yakan kama ƙananan gaɓoɓin hannu dama da hagu a tare. Bayaninki ya faɗa kashi na biyu, kuma ya haura mako shida. Wannan kaɗai ya isa a kai ki gaban likitan gaɓoɓi, ko da duk gwaje-gwajen sun fito fes.

Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, aikinsu su kama ƙwayar cuta su riƙe ta. A wasu mutane sai lissafin ya rikice, a ƙera antibodi masu kama naman jikin mai su. Idan aka fi far wa rufin gaɓoɓi, shi ne amosanin gaɓoɓi na rumatoyid. Idan abin ya bazu zuwa fata da jini da ƙoda da gaɓoɓi, ana tunanin lufus, wadda cikin kowane mutum goma masu ita kusan tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Gwaje-gwajen jini a wannan fanni iri uku ne: masu nuna ko akwai kumburi a jiki, masu neman waɗannan antibodi, da masu duba ɓarnar da aka riga aka yi. A takardarki akwai na farko, wato ESR, da na biyu, wato RF da ANA. Na ukun ne babu, alhali shi ya fi araha.

ESR da ɗan'uwansa CRP

Sanin yadda ake yin ESR zai nuna miki inda yakan ɓata. Ana gauraya jini kashi huɗu da ruwan hana daskarewa kashi ɗaya, a zuba a siririn bututu mai ma'auni daga 0 zuwa milimita 200, a tsayar da shi ƙyam, a bar shi awa ɗaya cif. Jajayen ƙwayoyin jini su riƙa sauka ƙasa, ruwan jini mai ɗan launin rawaya ya rage a sama. Tsawon wannan ruwan na sama shi ne lambar da aka rubuta miki. Idan akwai kumburi a jiki, hanta takan ƙara zubo wasu sinadarai da ke sa jajayen ƙwayoyin su manne, su jeru kamar sulallan da aka ɗora kan juna, su yi nauyi su nutse da sauri.

Akwai lissafi mai sauƙi na iyakar da ake ɗauka lafiya lau ce. Namiji a raba shekarunsa biyu. Mace a ƙara 10 a kan shekarunta sannan a raba biyu. Ke naki ya kama 20, ga shi kin sami 62, wato ninki uku. Lallai akwai abin da ke faruwa, amma ESR ba ya faɗin ko mene ne. Ƙarancin jini yana ɗaga shi, juna biyu yana ɗaga shi, tarin fuka da maleriya da ƙurji mai mugunya duk haka. Bututun da ya ɗan karkace, ko aka ajiye shi inda rana ke bugu, ko a kan teburin da inji ke girgizawa, zai ba da lamba fiye da gaskiya. Jinin da ya daɗe a ajiye kafin a zuba shi a bututu kuwa ƙasa da gaskiya yake bayarwa. Masu sikila su lura da kyau: ƙwayoyin jininsu masu siffar lauje ba sa jeruwa, don haka ESR ɗinsu yakan fito ƙasa ko da jikin yana fama.

CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa. Yana tashi cikin awa shida zuwa takwas da fara kumburi, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, ya sauka da wuri idan abin ya lafa, kuma ƙarancin jini ba ya ruɗa shi. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da miligiram 5 a lita a matsayin lafiya, wasu 10. Amfanin haɗa shi da ESR a irin halinki shi ne, a rumatoyid su biyun sukan tashi tare, a lufus kuwa sau da yawa ESR yana sama CRP yana ƙasa. Idan kuma mai lufus tana zazzaɓi, CRP ɗinta ya yi sama sosai, abin da muke fara nema shi ne wata ƙwayar cuta da ta shiga jiki.

RF bai wanke ki ba

RF tsohon gwaji ne na neman wani antibodi da ake dangantawa da rumatoyid. Likita Erik Waaler ɗan ƙasar Norwe ne ya bayyana shi a 1940. Ana samunsa a wajen kusan kashi 70 cikin 100 na masu rumatoyid, ragowar kuwa suna da cutar ba tare da shi ba, kuma a watannin farko ya fi yawan ɓuya. Ta ɗaya ɓangaren, yana fitowa a jinin mutanen da gaɓoɓinsu lafiya ƙalau: tsofaffi, masu ciwon hanta nau'in B ko C, masu tarin fuka, kuturta, tsargiya, da waɗanda maleriya ta yi ta kamawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Likita Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan, daga baya kuma a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, shi da abokan aikinsa sun nuna tun wajen 1970 cewa ana yawan samun RF da ANA a jinin 'yan Najeriya da ba su da ciwon gaɓoɓi. Shi ya sa a yankinmu RF mai ƙaramar lamba ba ya ɗaukar nauyin da yake ɗauka a Turai.

Gwajin da ya kamata a ce an haɗa miki shi ne anti-CCP, wanda shi ma wani antibodi na rumatoyid yake nema. Wajen kama masu cutar bai fi RF da yawa ba, yakan fito a kusan mutum biyu cikin uku. Fifikonsa shi ne da wuya ya yi ƙarya: cikin mutum 100 marasa rumatoyid, kimanin 95 zai nuna musu babu. Yakan bayyana a jini shekaru kafin ciwon ya fara, kuma idan lambarsa ta yi yawa yana nuna cutar za ta iya cin ƙashi da wuri. Tarin fuka yakan sa shi fitowa a wasu, amma yawanci da ƙaramar lamba.

Bari in nuna miki yadda ake auna abin. A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai sun fitar da ma'aunin rumatoyid mai maki 10, ana neman 6. Ƙananan gaɓoɓi huɗu zuwa goma da ciwon ya kama suna ba da maki 3. Idan sun wuce goma, maki 5. Wuce mako shida, maki 1. Tashin ESR ko CRP, maki 1. RF ko anti-CCP mai ƙaramar lamba maki 2, wanda ya ninka iyaka fiye da sau uku maki 3. Mu ɗauka likita ya duba ya sami gaɓoɓi shida. Kina da 3, da 1, da 1, jimilla 5. Anti-CCP ko ɗan kaɗan ne ya fito, kin kai 7. Idan kuma gaɓoɓin sun wuce goma, kin kai 7 ko da RF da anti-CCP duk sun nuna babu. An tsara ma'aunin ne don bincike, likita ba ya ɗaure kansa da shi, amma ya nuna miki cewa rabin makin daga hannun likita yake fitowa, lokacin da ya kama gaɓar yatsa tsakanin yatsunsa ya danna, ya ji ko akwai taushi irin na ƙullun fulawa a inda ya kamata a ji ƙashi.

Ma'anar 1:160

ANA tarin antibodi ne masu kama abin da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta. Ana ɗiga ruwan jininki a kan wasu ƙwayoyin halitta da aka shimfiɗa a gilashi, a wanke, a sa wani rini mai haske, a duba a madubin likita cikin duhu. Idan akwai antibodin, cibiyoyin sukan haska kore shar. Daga nan sai a riƙa tsarma jinin: kashi ɗaya cikin 40, cikin 80, cikin 160, cikin 320, har sai hasken ya ɓace. Tsarmi na ƙarshe da aka ga haske shi ake rubutawa. Kamar shayi ne, wanda ya yi kauri ko an ninka masa ruwa launinsa na nan. Don haka 1:1280 ya fi 1:160 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wani bincike da aka wallafa a 1997 kan mutane masu ƙoshin lafiya ya sami ANA a kusan kashi 32 cikin 100 a matakin 1:40, kashi 13 a 1:80, kashi 5 a 1:160, kashi 3 a 1:320. Ke nan cikin mutum ashirin lafiyayyu, ɗaya zai fito da irin sakamakonki. Ana kuma samunsa a wajen wasu masu rumatoyid, da masu cutar maƙoƙo ta garkuwar jiki, da masu shan wasu magunguna irin su isoniazid na tarin fuka, da hydralazine da methyldopa na hawan jini. Ƙarfin ANA yana wajen kore lufus: fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ita suna da shi, don haka wanda ya nuna masa babu da wuya ya zama ita ce. A ma'aunin lufus na 2019, ANA na 1:80 ko sama da haka ƙofar shiga ce kurum, sai an haɗa maki 10 daga alamomin jiki da sauran gwaje-gwaje. Ke kin shiga ƙofar. Saura a duba ko akwai sauran.

Ga abin da likita zai tambaye ki, ki fara tunawa tun yanzu. Gashinki yana zuba fiye da da, musamman ta gaban goshi? Akwai gyambo a dasashi ko a rufin baki wanda ba ya zafi? Akwai ƙuraje a kumatu da karan hanci da rana ke tsananta su? A baƙar fata ba sa fitowa ja kamar yadda ake gani a hotunan littattafai, sun fi zuwa da duhu, ko su bar tabo fari-fari a kunne da fatar kai. Ƙirji yana suka idan kin ja dogon numfashi? Yatsu suna canza launi a sanyin hunturu? Ido da baki suna bushewa?

Idan aka ga alama, gwajin da ke biye shi ne na wasu antibodi biyu, anti-dsDNA da anti-Sm. Na farko yana fitowa a kusan kashi 70 cikin 100 na masu lufus, yakan hau ya sauka tare da ƙarfin cutar, kuma yana da alaƙa da taɓuwar ƙoda. Na biyu bai kai shi yawan fitowa ba, amma idan ya fito da wuya ya zama wata cuta daban. Sai C3 da C4, sinadaran garkuwa ne da ke raguwa idan lufus tana ci. Jinin da aka ɗiba don gwajinsu yana son a raba shi a sanyaya da wuri, in ya sha zafi a hanya sakamakon zai iya fitowa ƙasa da gaskiya. Tunda ɗakunan gwaji da yawa wani gari suke tura irin wannan jini, ki tambaya wace rana suke turawa, ki je a ɗiba ranar. ANA kansa kada ki sake kashe kuɗi a kansa. Hawansa ko saukarsa ba ya nuna ko cuta ta ƙaru ko ta ragu.

ASO na 250 kuwa cewa kawai yake kin taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar da ke kawo ciwon maƙogwaro a makonni ko watannin baya, abin da ya zama ruwan dare a gidan da ke da yara. Zazzaɓin da ke biyo bayan wannan ƙwaya ya taɓa zuciya ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma manyan gaɓoɓi yake bi, yau gwiwa gobe idon sawu. Bai yi kama da naki ba. Abin yana damuna ƙwarai yadda ake ɗora manya a kan allurar fenisilin ta wata-wata saboda wannan lamba kaɗai, ainihin ciwon yana can yana cin gaɓa. Gwajin yurik asid da HLA-B27, da ake yawan cusawa a jerin, ba su dace da bayaninki ba: na farko na ciwon da ke far wa babban yatsan ƙafa ne cikin dare, na biyu na ciwon ƙashin baya ne.

Gwaje-gwajen da ba a yi miki ba

Da a ce kuɗin gwaji ɗaya kawai gare ki, na fitsari zan ce ki yi. Lufus takan taɓa ƙoda ba tare da wani ciwo ba, kuma ta fi yin haka ga baƙar fata. Kafin fuska ta fara kumbura da safe ko fitsari ya riƙa kumfa, ɗan tsinken gwajin nan da ake tsomawa ya riga ya nuna furotin ko jini. Ki ba da fitsarin safe, na tsakiyar zuba, ba lokacin al'ada ba. Idan an ga furotin, a auna yawansa. Rabin giram a yini ko fiye abu ne da ba a jinkirta shi. A haɗa da gwajin aikin ƙoda da awon hawan jini.

Na biyu shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya. A rumatoyid mai ci, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sukan ƙaru. A lufus sukan ragu, wani lokaci ƙasa da 100,000, fararen ƙwayoyi kuma ƙasa da 4,000. A nan ma akwai abin lura: mutanen Afirka ta Yamma da yawa an halicce su da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi ba tare da wata cuta ba, don haka sai an duba wane nau'i ne ya ragu. Wannan gwaji ne kuma zai nuna ko ƙarancin jini ya sa hannu a 62 ɗin nan.

Na uku, ciwon hanta B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki, da aikin hanta, da hoton ƙirji. Dalili biyu ne. Su kansu waɗannan cututtuka suna kawo ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi, kuma magungunan da za a iya ɗora ki a kai suna iya tayar da ciwon hanta ko tarin fuka da ke kwance. Bayan waɗannan sai CRP da anti-CCP, sannan anti-dsDNA da C3 da C4 idan likita ya ga dalili. Babu wanda ke buƙatar ki je da yunwa. Idan za a maimaita wani, ki koma ɗakin gwajin da ya yi na farko, don kowane yana da tasa iyakar.

Idan kina da niyyar ƙara haihuwa, ki faɗa tun ranar farko. Akwai antibodi mai suna anti-Ro da ke ratsa mahaifa, kuma a kusan ciki biyu cikin 100 na masu shi yakan rage bugun zuciyar jariri, don haka ake bibiyar zuciyar tun daga wajen mako na 16. Akwai kuma wasu guda uku masu sa jini ya daskare a jijiya ko su jawo ɓari a kai a kai, kuma ba a yanke hukunci a kansu sai an maimaita bayan mako 12. Methotrexate, wanda shi ne maganin farko na rumatoyid, ba ya haɗuwa da juna biyu ko kaɗan, kuma sau ɗaya a mako ake shan sa. Shan sa kullum bisa kuskure yana kisa. Hydroxychloroquine kuwa, ginshiƙin maganin lufus, ana ci gaba da shi har a cikin juna biyu.

Batun prednisolone

Sauƙin da kika ji bai nuna wace cuta ce ba, don wannan magani yana kwantar da kowane irin kumburi, har na tarin fuka yakan rufe shi yana ci ta ciki. Zai sauke ESR da CRP, ya sace kumburin da likita ke son ya taɓa, ya iya ɗaga suga da hawan jini. ANA da anti-CCP ba sa ɓacewa saboda shi. Amma kada ki yanke shi rana ɗaya. Bayan mako uku, jiki ya rage ƙera nasa sinadarin, kuma tsayawa kwatsam na iya jawo jiri da amai da faɗuwar jini. Likita ne zai rage miki shi a hankali. Diclofenac da ibuprofen ma ki dakata da yawan shan su har a ga lafiyar ƙodarki.

Daga nesa ba zan iya ce miki rumatoyid ce ko lufus ba, wannan sai an taɓa gaɓoɓin an duba fata da baki. Akwai ma waɗanda a watannin farko cutar ba ta gama bayyana kamanninta ba, a fara musu magani ana bibiya. Abin da ya tabbata shi ne magani ya fi cin nasara idan an fara shi cikin wata uku zuwa shida na farko, ke kuma kina na huɗu. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa mai likitan gaɓoɓi, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Maiduguri, cikin mako ɗaya ko biyu. Ki tafi da kwalayen duk maganin da kika sha, har da na gargajiya, ki rubuta ƙwaya nawa kike sha a rana. Gobe da asuba, kafin hannun ya saki, a ɗaukar miki hotonsa da waya, gaba da baya, ki kuma duba agogo ki rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ki iya dunƙule shi. Idan kafin ranar ganin likita fuska ko ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki wuce sashen gaggawa a ranar. Allah ya ba ki lafiya.